Allo Ya Yi Baƙi Bayan Sabuntawa? Kada a Yi Saurin Fomat

Kwamfuta ta kwana tana sabunta manhajarta. Da safe aka kunna, aka sa kalmar sirri, sai allo ya yi baƙi ƙirin, 'yar kibiyar linzami kaɗai ke yawo. A shagunan buga takardu na Potiskum, musamman na kusa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya inda ɗalibai ke barin furojet ɗinsu, hukuncin da ake yankewa nan take shi ne "a yi mata fomat." Fomat kuwa tana tafiya da komai: aikin shekara, hotunan biki, lissafin bashin kwastomomi.

Galibi babu abin da ya ɓace. Hotunan fayiloli da layin ƙasa da muke gani idan Windows ta buɗe, wata 'yar manhaja ce mai suna explorer.exe ke shimfiɗa su. Idan ta kasa tashi, kayan suna nan a hadis, kamar shagon da ƙofarsa ta cije alhali hajar na ciki.

A garinmu babban sanadi shi ne wuta. Kwamfuta na tsaka da maye tsofaffin fayiloli da sababbi, tana roƙon kada a kashe ta, sai a ɗauke wuta, ko janareta ya shaƙe. Laftof ɗin gwanjo kuma, da yawa batirinsu ya daɗe da mutuwa, ana zare caja suke ɗaukewa. Wani lokacin kuma sabuwar manhajar ce ba ta jitu da direban hoto na tsohuwar na'ura ba.

A fara da haƙuri. Idan fitilar hadis na ƙiftawa, aiki take yi, a ba ta ko da awa guda. In shiru ya yi yawa, a danna Ctrl da Shift da Esc tare. Idan Task Manager ya fito, an kusa gamawa: a zaɓi Run new task, a rubuta explorer.exe, a danna Enter. Sau da yawa nan take komai ke dawowa. Maɓallin Windows tare da Ctrl da Shift da B kuma yana farkar da direban hoto.

Idan duk sun ƙi, a kunna na'urar, da tambarin ya bayyana a danne maɓallin kashewa har ta mutu. A maimaita sau biyu ko uku, Windows za ta buɗe shuɗin shafin gyara da kanta. A cikin Advanced options akwai Uninstall Updates, wanda ke cire sabuntawar ƙarshe ba tare da taɓa takardun mutum ba. Babbar sabuntawa dai kwana 10 kawai ake bayarwa a koma baya, don haka ajiye na'urar a kabad har sai an samu kuɗin mai gyara asara ce. A wannan shafin ne kuma ake shiga Safe Mode, inda za a iya kwashe fayiloli zuwa filash.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana. Ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawar kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Maganin bai wuce shiga Safe Mode a goge fayil ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yayin da ake ciki. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, wasu masu gyara ke cusa Windows 11 ta bayan gida a na'urorin da ba su cika sharaɗi ba, marasa guntun tsaro na TPM 2.0. Yau za ta yi aiki, amma kamfanin bai yi alkawarin sabuntawar gobe za ta zauna lafiya ba.

In kuwa fomat ɗin ta zama dole, mai kaya ya tsaya a kan mai gyara ya fara kwashe fayiloli, ko da ta cire hadis ɗin a jona shi da wata kwamfutar. Idan an kulle shi da BitLocker, sai an nemo mabuɗinsa mai lamba 48, wanda galibi yana ajiye a asusun Microsoft na mai na'urar, kuma da waya ma ana iya dubo shi.