Rangwamen Haraji da Kuɗin Tabarau a Ƙasar Zuru

Jama'a, a wannan mako za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu yi magana a kan abin da ke riƙe da fartanyar kanta, watau lafiyar manomi, musamman idonsa. Dalili kuwa shi ne sabuwar dokar haraji wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ran 26 ga Yuni 2025, ta kuma soma aiki ran 1 ga Janairu 2026. Tun da aka ji akwai rangwame a cikinta saboda kuɗin lafiya, mutane su ke tambaya: shin manomin Dabai ko na Riba ko na Mahuta yana da rabo? Amsar ita ce akwai rabo, amma ba ta ƙofa ɗaya kowa zai shiga ba.

Dattawa ba su manta da harajin da ba, wanda a ke yanka wa kowane baligi, dagaci da mai unguwa su bi gida gida da kaka, Fulani kuma su biya jangali bisa kan kowace saniya. Wannan haraji bai san mai lafiya ba, bai san majinyaci ba. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke shi a jihohinsu. Harajin yanzu kuwa bisa samun mutum a ke yanka shi, kuma Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kebbi ce ke karɓar na mazauna jihar.

Yadda lissafin ya ke

Naira 800,000 na farko cikin samun mutum na shekara ba a taɓa su. Naira miliyan 2 da dubu 200 da ke biye da su a kan ɗauki kashi 15 cikin 100. Daga nan abin ya yi ta hawa, har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Ga manomi da ɗan kasuwa, samu shi ne riba, watau abin da ya saura bayan an fitar da kuɗin taki da iri da ƙwadago da mota.

Kafin a yanka haraji, doka ta yarda a cire waɗansu abubuwa daga samun: kuɗin fansho, da kuɗin asusun gidaje na ƙasa, da inshorar rai, da kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gida muddin bai wuce Naira 500,000 ba, sa'an nan da abin da mutum ya zuba a inshorar lafiya ta ƙasa.

Ga misali. A ce akawu ne a Zuru, albashinsa na shekara Naira 1,500,000. An cire masa 120,000 na fansho, ya biya 30,000 na inshorar lafiya, hayar gidansa kuma 150,000 ce, rangwamenta 30,000 ke nan. Jimla 180,000. Saura 1,320,000. A fitar da 800,000 da ba a taɓawa, saura 520,000, harajinsu 78,000. Da bai nemi rangwamen ba, da 105,000 zai biya. Ya tsira da 27,000, kuma 4,500 daga ciki albarkacin inshorar lafiya ne.

To, a lura da abu biyu. Na ɗaya, rangwame ba ya zuwa da ƙafarsa. Sai an nema a rubuce, an nuna rasidi. Na biyu, kuɗin da ka zaro daga aljihu ka biya a kantin magani ko wurin mai tabarau ba ya cikin abin da a ke cirewa. A ƙasar Kanada a kan haɗa kuɗin tabarau cikin kuɗin jinya a nemi rangwame, amma dokarmu inshora ta ambata. Saboda haka ɗan kasuwar da ke cin riba mai kauri a hatsi ko shanu, gara ya bi ta inshora ya ajiye takardarsa, in ya je ofishin haraji ya nemi a lissafa masa.

Rabon ƙaramin manomi

Wanda ribarsa ba ta kai Naira 800,000 ba, babu harajin samu a kansa, don haka babu abin da za a rangwanta masa. Wanda bai hau jaki ba, ba a ce masa sauka. Abin da ya samu a dokar shi ne ba a ɗora harajin kaya, wanda ke kashi 7.5 cikin 100, a kan magunguna da aikin asibiti da taki da abincin yau da kullum. Taimakonsa na sosai yana wata ƙofa dabam.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu wanda a ke zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, domin ƙananan asibitocin mazaɓu, da kuma biya wa marasa ƙarfi: matalauta, da masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da naƙasassu. A watan Mayu 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. A Kebbi, hukumar taimakekeniyar lafiya da a ke kira KECHEMA ita ce ke rubuta sunayen mutane.

Kalmar inshora kada ta tsorata kowa. Mutanen ƙasar Zuru, waɗanda suka gaji golmo da gayya, sun fi kowa sanin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya zuba kaɗan tun yana lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga abin da aka tara. Wanda bai shiga ba, mun san yadda ta kan ƙare. Ciwo ya zo a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, sai a sayar da san noma ko a jinginar da gona, ko a ci bashin buhu ɗaya a biya biyu da kaka. Jinyar wata ɗaya ta cinye noman shekara biyu.

Tabarau kayan aiki ne

Mutum in ya ba shekara 40 baya, ganin kusa ya kan soma raguwa. Ba cuta ba ce, girma ne. Sai ka ga yana miƙa takarda nesa kafin ya karanta, uwargida kuma ta kasa tsince tsakuwa a shinkafa ko zura zare a allura. Waɗansu suna cewa tabarau na malaman ofis ne. Ina! Wa ke karanta awon maganin feshi da ke rubuce da ƙananan baƙaƙe a jikin kwalba? Wa ke zaɓen iri, ya duba ƙwan tsutsa a bayan ganyen masara, ya duba saƙon banki a waya kafin ya saki buhunansa? Wanda ya ga 50 ya ɗauka 80 ce, ya ƙone wakensa da hannunsa.

An gwada wannan a jihar Asam ta ƙasar Indiya, aka buga sakamakon a 2018. Aka ba waɗansu masu tsinkar ganyen shayi tabarau, waɗansu ba a ba su ba. Masu tabarau suka fi da wajen kashi 22 cikin 100 na abin da su ke tsinka, waɗanda suka haura shekara 50 kuwa da kusan kashi 32. Wane taki ne zai ƙara maka haka da kuɗi kaɗan?

Tsarin inshorar lafiya na ƙasa ya haɗa da awon ido da tabarau mai sauƙin kuɗi. Har wa yau, a watan Satumba 2023 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar shirin raba tabarau fiye da miliyan 5, tare da wata ƙungiya mai suna Peek Vision. In ka je rubuta suna, tambayi ma'aikacin abin da katinka ya ƙunsa game da ido, ka kuma tambaya a asibitin mazaɓarku ko ana ba da na karatu.

Amma fa tabarau ba ya maganin kowane ciwon ido. Binciken da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna mutum 4 cikin kowane 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce ta jawo kashi 43 na makantar, kuma kashi 84 ana iya kare ta ko a warkar. Saboda haka wanda ya ga hazo-hazo, ko ganinsa na gefe yana tsukewa, kada ya tsaya gwada tabarau a faifan mai talla. Ya tafi Babban Asibitin Zuru a auna shi. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Birnin Kebbi ko Sakkwato, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kada kuma ya ba masu tura yana da tsinke idonsa, gama da yawa sun shiga hannunsu da sauran gani sun fito babu.

Shawararmu

Lokacin shiga shi ne kaka, sa'ad da kuɗi ke hannu. Ran da ka sayar da buhun farko na dawa, ware kuɗin inshorar iyali kamar yadda ka ke ware iri. Tafi da lambar katin ɗan ƙasa ta kowa da ke gidan. In akwai tsoho ko mai ciki ko naƙasasshe, nemi a sa shi cikin waɗanda asusu ke biya wa. Ƙungiyoyin manoma su je a tare, don an fi sauraron taro. Akawu ya duba takardar albashinsa, ɗan kasuwa ya sami littafi ya riƙa rubuta shiga da fita. Kowane rasidi a sa shi a leda a jefa cikin adaka, nesa da gara.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.