Yawon Jirgin Ruwa: Daga Kwazazzaban Sin Zuwa Dam ɗin Watari

Ka gaya wa manomin Bici cewa akwai masu biyan kuɗi su kwana uku a cikin jirgin ruwa, ba fatauci ba, ba ziyarar dangi ba, sai kallon duwatsu, zai ce kuɗi ne suka yi musu yawa. Amma sana'a ce babba a duniya, kuma akwai abin da ya shafe mu a cikinta.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna ita ce ta Kogin Yangtze a ƙasar Sin. Jirgi yakan tashi daga Chongqing ya gangara Yichang, kwana uku a kan ruwa. Otal ne mai tafiya: ɗakunan kwana, wurin cin abinci, da bene a sama inda ake zama a sha kallo. Abin da ya kai mutane shi ne kwazazzabai uku, Qutang da Wu da Xiling, inda kogin ya tsaga duwatsu ya wuce, bango dama bango hagu, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga sama. Qutang ne mafi gajarta, kilomita 8 kacal, amma hotonsa ne a bayan takardar yuwan 10. A da hanyar nan ba ta shaƙatawa ba ce. Ƙarti ne ke ɗaura igiya a kafaɗa, su bi gefen dutse suna jan jirage a kan ruwa mai ambaliya. Madatsar da aka soma ginawa a 1994 ce ta ɗaga ruwan ya kwanta, bayan ta tashi mutane sama da miliyan ɗaya daga gidajensu. Jamus ma tana da irin wannan kwazazzabo a Kogin Rhine, kilomita 65 tsakanin Bingen da Koblenz, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002.

Mu ba mu da irin waɗannan duwatsu. Ƙasar Bici shimfiɗaɗɗiya ce, gona na bin gona, rafukanmu kuma da rani yashi ne. Amma ruwa kam muna da shi, wanda hannu ya tara: Tiga tun 1974 zamanin Audu Baƙo, Challawa a Ƙaraye tun 1992, ga kuma Watari a Bagwai, nan maƙwabtanmu. Wanda ya je bakin Watari bayan ɗaukewar damina ya san akwai abin kallo. Masunta na jan koma, balbelu sun yi fari a gaɓa, ga masu noman rani suna gyaran fangalin tumatir da albasa.

Sai dai mutanen Badau da sauran ƙauyukan hayin dam ba don kallo suke shiga kwale-kwale ba. Fito ne na dole, domin zagayawa ta mota nisa ne da tsada. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife da mutane, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Aƙalla 29 suka rasu. Allah ya jiƙansu. An ɗora wa jirgin fiye da ƙarfinsa ne.

Kada a ɗauka can waje ba a hatsari. A watan Yunin 2015 guguwa ta kifar da jirgin 'yan yawon buɗe ido a Yangtze ɗin nan, mutum 442 suka mutu. Abin da ya sa duk da haka ake ci gaba da shiga shi ne ƙa'ida: ana rubuta sunan kowane fasinja, adadi na cika a rufe ƙofa, kowa da rigar ruwansa, matuƙi kuma da lasisi. A ganina wannan ne jarin farko, ba otal ba, ba kwalliyar bakin ruwa ba. Duk mai mafarkin ɗalibai daga kwalejin fasaha ta Bici ko baƙi daga Kano su riƙa zuwa Watari shan iska ranar Asabar, ya fara tambayar rigunan ruwa nawa ne a tashar jirgin, kuma wa ke da ikon cewa "ya isa haka" idan fasinja suka yi cincirindo. Sarkin Ruwa da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA duk suna da hannu a nan.

Kafin a kai can, mai shiga jirgi yana da nasa. Dubi gefen jirgin: in bai fi tafin hannu tsakanin bakinsa da ruwa ba, sauka, ko da an ce shi ne na ƙarshe. Kada a haɗa yara da buhunan hatsi da babur a tafiya ɗaya. In hadari ya haɗo, ko iskar hunturu ta taso da yamma, a jira safiya.