Ciwon Cikin Yara: Wanne Ne Na Gida, Wanne Ne Na Asibiti?

Uwargida, da wuya a yi wata guda a gidan da ke da yara ba a ji "Umma, cikina!" ba. Galibi abin ba ya wuce taurin bayan gida, tsutsar ciki, ko amai da gudawa daga gurɓataccen ruwa ko abinci. Zazzaɓin cizon sauro, cutar mafitsara da sikila ma kan zo da ciwon ciki. To amma akwai wanda jinkirin kwana ɗaya kan iya jawo asarar rai, shi ya sa ya kamata ki san alamunsa.

Afendis yakan fara ne a wajen cibiya, daga baya ya koma ƙasan ciki ta dama. Yaro ya ƙi abinci, ya riƙa tafiya a duƙe, tari ko tsalle ya ƙara masa zafi. Taifod kuwa idan ta kai mako 2 zuwa 3 ba magani tana iya huda hanji, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar katako. Ga jariri ɗan ƙasa da shekara 2, idan yana tsala ihu yana naɗe ƙafafu, ya lafa, ya sake, ko kika ga jini da majina a kashinsa, mai yiwuwa hanji ne ya shige cikin hanji. Ɗa namiji kuma ki duba marainansa, domin idan ɗaya ya murɗe, awa 6 na farko su ne lokacin da aka fi samun ceto shi.

Da zarar kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko koren amai, kada ki tsaya jiƙo, kanwa ko maganin wankin ciki. Ki dakatar da abinci, ku nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.

Likita zai tambaye ki yaushe ciwon ya fara, ina ya fi tsanani, yaushe yaron ya yi bayan gida, da irin maganin da kika ba shi. Ki faɗi gaskiya, har da na gargajiya. Zai danna cikin, sannan ya sa a gwada jini, fitsari ko kashi, wani lokaci har da hoton ciki. Bayaninki shi ne rabin binciken, domin ƙaramin yaro bai iya kwatanta ciwo ba.

Allah Ya ba 'ya'yanmu lafiya, amin.