Amosanin Jini da Shanyewar Ɓarin Jiki ga Yara

Yau maganarmu a kan ƙwaƙwalwar yaro ce, da abin da amosanin jini, wato sikila, yake yi mata.

Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Iskar nan da muke shaƙa, wadda likitoci ke kira oksijin, jini ne ke kai mata dare da rana. Ƙwaƙwalwar babba tana cin kashi 1 cikin 5 na abin da jiki ke bukata. Ta ɗan shekara 5 kuwa tana cin kusan rabi. In jini ya yanke wa wani sashenta na 'yan mintoci, sai wurin ya fara mutuwa.

To, yaro mai amosanin jini, jininsa ba ya ɗaukar isasshiyar iska. Don haka sai ya riƙa gudu da sauri domin a cike giɓi. Ga kuma ƙwayoyin jininsa masu siffar lauje suna gurzar jijiya har ta ƙuntata. Kowane mai lambu ya sani, inda magudana ta matse nan ruwa ya fi gudu, nan kuma takan toshe. Ran da jijiya ta toshe, sai hannu da ƙafa na gefe guda su saki, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Wannan ba aikin aljanu ba ne, ba kuwa sammu ba. In ba rigakafi, kusan yaro 1 cikin 10 masu wannan cuta yakan gamu da haka kafin shekara 20.

Amma ana iya ganewa tun da wuri. Akwai na'urar da ake ɗorawa tsakanin ido da kunne, ta auna gudun jini. Ba allura, ba zafi. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, akwai haɗari. Binciken da aka yi a Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, wanda ya fito a 2022, ya nuna ƙwayar haidiroksiyuriya, in ana sha kullum, tana kare irin waɗannan yara.

Saboda haka, mutanen Roni, mai yaro irin wannan daga shekara 2 zuwa 16 ya tambayi malamin disfensare hanyar yin awon nan kowace shekara. A kwantar da yaro cikin gidan sauro, a ba shi ruwa da yawa, kada a yi sakaci da zazzaɓi. In kun ga alamun nan, ko da sun wuce, ku garzaya Babban Asibitin Kazaure, kada ku jira gobe.

Allah ya raya mana su, amin.