Kwatanta Hanyoyi Uku na Ƙididdiga Wajen Gano Ƙwayoyin Gadon Amosanin Gaɓɓai a Cikin Iyali

1.0 Gabatarwa

Amosanin da muke nufi a wannan takarda shi ne rumatoyid, wato wanda garkuwar jiki kan far wa gaɓoɓin mai ita. Binciken da aka yi a Birtaniya a 1993 ya nuna cewa idan ɗan tagwaye ya kamu, ɗan'uwansa kan kamu a wajen kashi 15 cikin ɗari na tagwayen ƙwai ɗaya, da kashi 4 na tagwayen ƙwai biyu. Ke nan akwai gado a cutar, amma ba ƙwayar gado ɗaya ke ɗauke da shi ba. Manufarmu ita ce mu auna hanyoyi uku da wannan ma'auni.

2.0 Hanyoyin

Ta farko ita ce makin lod, wanda Morton ya tsara a 1955. Ana bin zuriya a ga ko wata alamar gado na tafiya tare da cutar. Maki 3 na nufin rinjayen 1,000 bisa 1. Sai dai tilas mai bincike ya fara ƙaddara yadda ake gadon cutar, kuma in ya kuskure a nan, sakamakon ya raunana.

Ta biyu, wadda ta samo asali daga Penrose a 1935, ta dogara ga 'yan'uwa biyu masu cutar. Bisa sa'a kawai, shaƙiƙai kan yi tarayya a rabin gadonsu. Duk gurbin da tarayyar ta zarce rabi abin tuhuma ne. Ba ta bukatar ƙaddarawa, kuma ta nuna gurbin HLA da ke kan kuromosom na 6 sarai, amma ƙwayoyi masu ƙaramin tasiri kan kuɓuce mata.

Ta uku ita ce gwajin TDT na Spielman da abokan aikinsa, na 1993. Idan mahaifi ko mahaifiya na ɗauke da nau'i biyu na ƙwaya, sai a ƙirga wanda ya fi sauka ga 'ya'ya masu cutar. Cakuɗuwar ƙabilu ba ta ruɗa shi. Cikas ɗinsa shi ne cutar kan bayyana ne bayan shekaru sun ja, lokacin da iyaye da yawa sun riga mu gidan gaskiya.

3.0 Kammalawa

A ganinmu, hanyar farko ta fi dacewa da cututtukan ƙwaya ɗaya, irin su sikila. Ta biyu tana nuna unguwa, ta uku tana nuna gida. Risch da Merikangas sun nuna a 1996 cewa gano ƙwayoyi masu rauni ta hanyar 'yan'uwa na bukatar dubban iyalai. Shi ya sa aka karkata ga kwatanta majinyata da masu lafiya, har aka kai ga gurabe 101 a 2014. Saboda haka, yanayin cutar da irin iyalan da ke hannu su ya kamata su zaɓa wa mai bincike hanya.