Shin da gaske NASA ta zaɓi Sanskrit ya zama harshen kwamfuta?

Wani saƙo ya daɗe yana yawo a WhatsApp da Facebook, har ya kan faɗo cikin hirar matasan da ke koyon rubuta manhaja a shagunan kwamfuta na Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha. Saƙon yana cewa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tabbatar Sanskrit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, ya fi kowane harshe dacewa da kwamfuta. Wai ma Amurka na ƙera wasu manyan kwamfutoci da shi, kashin farko zai fito a 2025, na biyu a 2034. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, labarin yana yi mana daɗi a kunne. Akwai gaskiya a cikinsa, sai dai an yi mata ƙari mai yawa.

Tushen zancen maƙala ce guda ɗaya. A 1985 wani mai bincike a cibiyar Ames ta NASA da ke Kalifoniya, Rick Briggs, ya yi rubutu a mujallar AI Magazine. Ya nuna cewa malaman nahawun Indiya, irin su Nagesha Bhatta, suna da hanyar feɗe jimla gaɓa-gaɓa: wa ya yi aikin, a kan me aka yi shi, da wane abu, don wa, daga ina, a ina. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Ajurrumiyya, yana fitar da fa'ili da maf'uli, zai gane irin aikin nan take. Briggs ya ga wannan fiɗa ta yi kama da yadda masu binciken ƙirƙirarriyar basira na lokacin suke tsara ilimi don na'ura ta adana. Iyakar maganarsa ke nan. Ra'ayin mai bincike ɗaya ne, hukuma ba ta yanke komai a kai ba, kuma bai ce a rubuta manhaja da Sanskrit ba. Motar Curiosity da NASA ta sauke a duniyar Mars a 2012 da harshen C aka rubuta manhajarta. Kumbunanta masu zuwa su dawo kuwa da harshen HAL/S suka yi aiki. Shekarar 2025 ta zo, ba a ga kwamfutar Sanskrit ba.

Inda gaskiyar ta yi ƙarfi shi ne wajen Panini, kuma ina ganin ya cancanci duk yabon da ake yi masa. Mutumin Gandhara ne, cikin Pakistan ta yau, ya rayu wajen ƙarni huɗu kafin haihuwar Annabi Isa. Littafinsa Ashtadhyayi ya tattara nahawun Sanskrit cikin gajerun ƙa'idoji kusan 4,000, wata tana kiran wata, wata tana toshe wata, har da ƙa'idojin da ke faɗin wacce za a bi idan biyu suka yi karo. Ka ba su tushen kalma, su bi da shi mataki-mataki har cikakkiyar kalma ta fito. Da John Backus da Peter Naur suka fito da hanyar bayyana nahawun harsunan kwamfuta a 1959 da 1960, kamannin ya fito fili, har Peter Ingerman ya ba da shawara a 1967 a sa sunan Panini a jikin hanyar. Amma kamanni ne kawai, Backus bai ɗauko aikinsa daga Panini ba. Kuma gwanintar ta mai tsara nahawun ce. Harshen da ya tsara wa nahawu harshen mutane ne, da dukkan halayen harshen mutane.

A nan ne wata da'awar da ake yi, cewa Sanskrit ba shi da harshen damo, ta faɗi. Kalmominsa suna narkewa cikin juna idan sun haɗu, sai a iya raba jimla ɗaya gida biyu ko uku, kowace rabuwa da ma'anarta. Mawaƙan Sanskrit da wannan suke alfahari. Kaviraja ya rubuta Raghavapandaviya, waƙar da baitocinta ke ba da labarin Ramayana da na Mahabharata a lokaci guda, ya danganta da yadda mai karatu ya yanka kalmomin. Wannan abin burgewa ne a adabi, amma mai rubuta manhaja guje masa yake yi.

Tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri, tun daga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, sun san inji ba ya jin Hausa, ba ya jin Turanci, saiti yake bi. Haka kwamfuta take. Harshen manhaja ƙirƙirarren tsari ne da aka yi don kowane umarni ya zama da fassara ɗaya tak, daga baya a juye shi zuwa sifiri da ɗaya. Kalmomin Turancin da ke cikinsa ba su taka kara sun karya ba: keɓaɓɓun kalmomin harshen Python 35 ne. Ana iya cire su a sa na wani harshe, kuma an yi. Ramsey Nasser ya yi Qalb da Larabci, an yi Yorlang da Yarbanci. Za a iya yi da Sanskrit, za a iya yi da Hausa, kuma hakan zai iya sauƙaƙa wa yaro mai fara koyo a Narayi ko Nasarawa. Saurin kwamfutar dai yana nan yadda yake.

Manhajojin fassara da na hira na yau kuwa daga tarin rubutu suke koyo, harshen da aka fi rubutawa shi suka fi iyawa, komai kyan nahawun wanda aka bari a baya. Google Translate ya karɓi Hausa a ƙarshen 2013. Sanskrit sai a watan Mayun 2022 ya samu shiga.