Illar Maganin Sa Barci da Barasa ga Hanta: Darasi daga Ɓerayen Gwaji

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana abin da ke samun ƙwayoyin halittar hanta idan barasa ta haɗu da maganin sa barci da ake shaƙa wa majiyyaci lokacin tiyata, kamar yadda gwaji a kan dabbobi ya nuna. Daga nan sai mu dubi abin da wannan ilmi ke nufi ga asibitocinmu na Argungu da Birnin Kebbi.

2.0 Yadda Ɓarnar Ke Aukuwa

Kowa ya san yadda iska ke sa ƙarfe tsatsa, ko ta lalata man gyaɗa idan ya daɗe a buɗe. Irin wannan ne ke faruwa a cikin jiki. Yayin da hanta ke sarrafa baƙon sinadari, wasu ɓurɓushi masu ƙuna kan fito, su far wa kitsen da ya kewaye kowace ƙwayar halitta har ta yage. Jiki yana da garkuwarsa, musamman sinadarin gulutatayon, amma idan ɓurɓushin suka rinjayi garkuwar sai ƙwayoyin su mutu. Masu bincike kan gane haka idan suka tarar gulutatayon ya ragu a hantar dabba, sinadarin MDA kuwa, wanda shi ne ragowar lalataccen kitse, ya ƙaru.

3.0 Halotan da Barasa

Charles Suckling ne ya haɗa halotan a Ingila a 1951, aka soma amfani da shi a kan mutane a 1956. Saboda araharsa ya daɗe a asibitocin Afirka bayan ƙasashen Turai sun bar shi. Kimanin kashi 20 cikin 100 na halotan da ya shiga jiki hanta ce ke sarrafa shi, alhali kuwa na isofuluran bai kai kashi 1 ba. Babban ma'aikacin wannan aiki shi ne sinadarin hanta mai suna CYP2E1.

To, a nan ne barasa ta shigo. A 1968 Charles Lieber da Leonore DeCarli suka nuna a Amurka cewa hantar ɓera tana da wata hanya ta biyu ta sarrafa barasa, wadda ke bunƙasa idan shan ya ɗore. Daga baya aka tabbatar cewa CYP2E1 ne ginshiƙinta. Wato ke nan, mashayi yakan isa ɗakin tiyata da hanta mai saurin juya halotan zuwa abu mai cutarwa, ga shi kuma garkuwarta ta riga ta yi rauni.

Gwaje-gwaje sun goyi bayan wannan bayani. Lafiyayyen ɓera ba safai halotan ke taɓa hantarsa ba. Amma idan aka fara zaburar da hantar da maganin finobabital ko barasa, sa'an nan aka rage masa iskar oksijin, sai tsakiyar sassan hantar ta mutu. Sai dai ɓera ba mutum ba ne: mummunan ciwon hantar halotan a jikin ɗan Adam ba shi da yawa, kuma galibi garkuwar jiki ce ke juyowa kan hantar bayan an maimaita maganin.

4.0 Kammalawa

Wani zai ce wannan bai shafe mu ba, tunda addini ya hana mu barasa. Muna ganin akasin haka. Inda shan giya abin kunya ne, mai sha ba zai faɗa a gaban danginsa ba, kuma wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Haka kuma isoniyazid, maganin tarin fuka, da ciwon sukari da ƙiba duk suna bunƙasa CYP2E1 ba tare da ɗigon barasa ba.

Saboda haka muna ba da shawara ga masu sa barci a Babban Asibitin Argungu da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya na Birnin Kebbi, da su riƙa yi wa majiyyaci waɗannan tambayoyi a keɓe kafin tiyata, su wadata shi da oksijin, su kuma guje wa halotan ga duk wanda ake shakkar hantarsa.